Hular Kwano Mai Magana: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice Daga Hanyar Kongolam

Kongolam, a ƙaramar hukumar Mai'adua cikin masarautar Daura, gari ne da babur ba ya hutawa. Nan ne ƙofar da ake bi daga Daura a shiga Nijar ta Ɗan Barto, a wuce Matamaye har Damagaram. Ranar Lahadi kuwa, da kasuwar Mai'adua ke ci, babura kan cika hanya tun da sassafe, wani da buhu, wani da akuya, wani da fasinja biyu. Cikin wannan hada-hada za ka ga mahayi ya cusa waya ƙarƙashin hularsa ta zanna, ya karkata wuya yana magana, ko ya saki hannu ɗaya yana lalube a aljihu. Saboda irin wannan ne aka ƙera intakom, 'yar na'urar da ake maƙalawa a gefen hular kwano, mai sifika biyu a ciki da makirfo a gaban baki. Ga wasu abubuwa game da ita da ya kamata mai niyyar saye ya sani.

1. Ba ta cin kati, ba ta neman sabis

Intakom biyu da aka haɗa suna magana ne kai tsaye tsakaninsu, ba sa bi ta turken sadarwa. Ba sim, ba data, ba kuɗin kira. A bakin iyaka wannan babban abu ne, domin kowa ya san yadda layin MTN ko Glo ke fara rawa da zarar an nausa cikin Nijar, sai an koma Moov ko Zamani. Wa da ƙanensa da ke tafe a babura biyu za su ci gaba da hirarsu daga Kongolam har Matamaye muddin ba su yi wa juna nisa ba. Sai dai in mutumin gida za ka kira, nan kam wayarka ce ke aiki, intakom tana miƙo maka muryar ne kawai.

2. Ba sai ka danna ba

Oba-oba sai ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara. Intakom ba haka take ba, mutum biyu na iya magana lokaci guda, hannayensu kuma suna kan kan babur. Amfaninta na gaskiya yana cikin gajerun kalmomi. Na gaba ya ce, "Yaya, rami a hannun dama, ka rage." Na baya ya ce, "Na gani. Tirela na tafe bayanmu, mu sauka gefe." Shi ke nan. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya sunkuya daƙiƙa biyu don ya ga mai kiransa ya yi tafiyar sama da mita 30 bai ga hanya ba.

3. Tana sauya tasha sau 1,600 a daƙiƙa

Yawancin waɗannan na'urori da Bluetooth suke aiki, fasahar da aka faro a kamfanin Ericsson na Suwidin a 1994, inda injiniya Jaap Haartsen ɗan ƙasar Holan ya taka babbar rawa. Abin mamakin shi ne ba ta zama a tasha guda. Tana da ƙananan tashoshi 79, tana tsalle daga wannan zuwa waccan sau 1,600 a kowace daƙiƙa, na'urorin biyu kuma suna tsallen tare. Wannan ne ya sa mutum ɗari za su kunna wayoyinsu a tsakiyar kasuwa ba tare da muryar wani ta faɗa kunnen wani ba. Tun a 1942 wata 'yar fim mai suna Hedy Lamarr da mawaƙi George Antheil suka yi rajistar dabarar tsallen tasha a Amurka, don kada abokan gaba su toshe saƙon da ke sarrafa makamin ƙarƙashin ruwa.

4. Nisan da ke jikin kwali, nisan fili ne

Za ka ga an rubuta mita 800, ko 1,200, ko kilomita 2. An auna wannan ne a fili fetal inda babur ke hangen babur. Zangon da Bluetooth ke amfani da shi kusan ɗaya ne da na tandun lantarki mai ɗumama abinci, kuma ruwa yana shanye shi. Jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne, haka ganyen bishiya. Saboda haka fasinja mai jiki, ko dogon gero a ƙarshen damina, ko tirela maƙare da shanu da ta shiga tsakani, duk suna rage nisan. A buɗaɗɗen filin rani na arewacin Daura na'urar kan yi abin kirki, amma cikin gari, tsakanin katangu, ka sa ran kaso kaɗan na abin da aka rubuta.

5. "Mutum shida" ba ya nufin shida suna hira

Nan ne masu saye da yawa ke shan mamaki. Ƙananan na'urori masu araha irin samfurin V6 ana tallarsu da cewa suna haɗa mahaya shida. Gaskiyar ita ce mutum ɗaya na iya haɗuwa da biyar, amma ɗaya bayan ɗaya yake magana da su, yana danna maɓallin kowanne. Biyu ne kawai ke kan layi a lokaci guda. Wannan ya wadatar ga mai babur da fasinjansa, ko abokai biyu. In kuwa ayari ne na masu rakiyar amarya, a tambayi mai shago ƙarara: "Alhaji, mutum nawa ne za su ji juna lokaci ɗaya?"

6. Sarƙa da raga

Hanyar haɗa mahaya iri biyu ce. Tsohuwar hanya ta Bluetooth sarƙa ce: na ɗaya riƙe da na biyu, na biyu da na uku, galibi har huɗu. Idan na tsakiya ya tsaya shan mai, sarƙa ta tsinke, na gaba da na baya sun rabu. Sabuwar hanya raga ce: kowa haɗe da kowa, wanda ya fita sauran su ci gaba, in ya dawo ya shiga da kansa. Kamfanin Cardo, wanda ya ce shi ya fara fito da na'urar Bluetooth ta babur a 2004, ya kawo tsarin ragarsa a 2015, mai ɗaukar mutum 15. Sena na Koriya ta Kudu yana da nasa mai haɗa 24 a rukuni guda. Ragar wani kamfani galibi ba ta shiga ta wani kai tsaye, don haka abokan tafiya su yi shawara kafin kowa ya je ya sayi nasa.

7. Kishiyoyi biyu, gida ɗaya

Cardo da Sena su ne manyan masu gasa a wannan kasuwa. Na farko yana alfahari da sifikun JBL, na biyu da na Harman Kardon. Amma JBL da Harman Kardon duk 'ya'yan kamfanin Harman ne, wanda Samsung ya saye a 2017. Darasin da ke ciki ga mai saye shi ne kada suna ya ruɗe shi. Inda aka ɗora sifika ya fi sunanta tasiri. Idan ta kauce daga saitin ramin kunne ko da faɗin yatsa ɗaya ne, sautin zai ragu sosai, mutum ya yi ta ƙara murya a banza. A sa hular, a lalubo daidai kunne da yatsa, sannan a manna.

8. Iska ta fi inji cutar da kunne

Mutane sukan zaci ƙarar salansa ce matsala. Da zarar babur ya ɗauki gudu, iskar da ke kaɗawa a gefen kai ce ke rinjaye. Awon da masana suka yi a cikin hular kwano ya nuna ƙara na kaiwa kusan desibel 90 a gudun kilomita 60, tana kuma ƙaruwa da ƙaruwar gudu. A ma'aunin hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, kunne na iya jure desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 minti 15 kacal. Mai son jin waƙa sai ya ɗaga ta sama da ƙarar iska, ya haɗa wa kunnensa cuta biyu. Ƙwayoyin ji na cikin kunne kuwa in sun mutu ba sa sake tsirowa. Duk wanda ya sauka daga babur yana jin kunnensa na ƙugi, gargaɗi ne ya samu. Maganin shi ne hular da ta kama kai sosai, gilashi a rufe, murya ƙasa-ƙasa. Idan ba ka jin hon ɗin motar da ke bayanka, sautin ya yi yawa.

9. Lambobi biyu da suka san hunturu

A jikin kwali akan rubuta IP65 ko IP67. Lamba ta farko ta ƙura ce, kuma 6 ita ce ƙololuwa, ma'ana ƙura ba ta shiga. Ta biyu ta ruwa ce: 5 tana jure feshi, 7 tana jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30. Idan aka ga harafin X a gurbin lambar farko, ba a gwada ta da ƙura ba. A Turai ruwan sama ake tsoro. A ƙasar Daura, inda ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin da aka kulle, lambar farko ce abin dubawa. A riƙa rufe 'yar robar da ke bakin wurin caji, domin ta nan yashi ke fara shiga.

10. Rana ce ke cinye batir

Na'urori da yawa suna alƙawarin awa goma ko fiye na magana. Batirinsu irin na waya ne, zafi kuma shi ne babban maƙiyinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, baƙar hular da aka rataye a madubin babur tsakar rana tana ɗaukar zafin da ya wuce haka nesa. Wata biyu ko uku na irin wannan ajiya sun isa su rage wa batir ƙarfi har abada. Mai hankali kan zare na'urar ya sa a aljihu in ya tsaya. Ya kuma zaɓi mai bakin caji irin na wayarsa, don duk rumfar mai cajin waya da ya tsaya ya samu igiyar da ta dace.

11. Rediyonta FM ne kawai

Da yawansu suna da rediyo a ciki, abin da zai faranta ran Bahaushe, wanda rediyo ya daɗe da zama abokin tafiyarsa. Amma ba sa kama gajeren zango. Wanda ya saba jin BBC Hausa, da ta fara watsa shiri tun 1957, ko DW ko RFI, sai dai ta tashar FM da ke ɗauko shirin, ko ta wayarsa. Haka karatun Alƙur'ani, wa'azi ko waƙa: a jera su a waya kafin a tashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya, balle a kan babur.

12. Mutuwar mutum ɗaya ta haifi dokar hular kwano

A watan Mayun 1935, T. E. Lawrence, sojan Ingila da ya yi suna a yaƙin ƙasar Larabawa, ya kauce wa yara biyu masu keke a Dorset, ya faɗi daga babur ɗinsa ba hula. Bayan kwana shida ya cika. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Ostireliya. Abin ya tsaya masa a rai, ya shiga bin diddigin mutuwar sojoji masu kai saƙo a babur, ya wallafa sakamakonsa a 1941, kuma a shekarar rundunar sojan Birtaniya ta wajabta hular. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ce ta fara wajabta ta ga farar hula a 1961, Birtaniya ta biyo baya a 1973. A 1976 kuma Birtaniya ta ɗauke wa mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani wannan doka.

13. Kakanninmu sun riga mu sa kwalkwali

Wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ko na Gani a Daura ya ga 'yan lifida da kwalkwalinsu. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da hular ƙarfe da sulke. Barden da ya hau doki ya san ƙarfin zuciya ba ya hana kai fashewa, kuma ba wanda ya taɓa kiransa matsoraci don ya rufe kansa. Saurayin da ke jin kunyar sa hular kwano a gaban abokai ya tuna da wannan.

14. Shekarar ƙwarya

Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin Najeriya. Kuɗin hula ya yi tashin gwauron zabo, aka kuma ruwaito daga Kano cewa wasu 'yan acaɓa sun kife ƙwarya a ka suna ɗaure ta da igiya, wasu tukunya. Fasinjoji kuma suka ƙi hular haya, wasu don tsoron cutar fata, wasu don tsoron sammu. Labarin ya zagaya duniya ana dariya, amma a ƙarƙashinsa akwai talauci da kuma dokar da ta riga bayani isowa. Ƙyamar hular da wani ya yi gumi a ciki abu ne mai dalili, kuma yana da magani: siririyar hula ta yadi a ƙasa, da hular kwanon da ake iya cire shimfiɗar cikinta a wanke.

15. Ba ƙwanson ne ke ceto ba, farin soson ciki ne

A ƙarƙashin ƙwanson akwai farin abu mara nauyi, irin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali. Shi ne ke murƙushewa ya shanye bugun da zai kai ga ƙwaƙwalwa, kuma sau ɗaya yake wannan aiki. Hular da ta taɓa bugun kwalta da kai a ciki ta gama aikinta, ko da ba ta tsage ba. Don haka kada a kuskura a yanke soson da wuƙa don a samar wa sifika wuri, kada kuma a huda ƙwanson da ƙusa. Intakom tana zuwa da maƙali da gam nata. Hular magina mai launin rawaya an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da wannan soso mai kauri. A duba maɗaurin haɓa, hular da ta cika ƙa'idar Turai tana da ƙyalle ɗinke a nan mai harafin E cikin da'ira. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna hular kirki na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Amma sai an ɗaure ta. Wadda ba a ɗaure ba ita ke fara barin kai.

16. Faransa ta hana iyafis, ta ƙyale intakom

Daga 1 ga Yulin 2015 Faransa ta haramta wa duk mai tuƙi, har mai keke, cusa abin sauraro a kunne. Amma ta bar na'urar da ke cikin hular kwano, domin sifikarta ba ta toshe ramin kunne. Wannan bambanci ne da ya kamata matasanmu masu tuƙi da iyafis a kunnuwa biyu su yi tunani a kai.

17. A shingen bincike, fuska a buɗe

Jihar Katsina ta sha wahalar 'yan bindiga masu yawo a babura, har a 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13. Jami'in da ke tsaye a shinge, Kwastam ne ko ɗan shige da fice ko soja ko jandarma a tsallake, yana da dalilin zuba ido in ya ga rufaffiyar fuska da na'ura a gefen kai. A rage gudu tun daga nesa, a kashe sauti, a ɗaga gilashi ko a cire hular, a yi sallama. In ya tambaya, a nuna masa: "Ranka ya daɗe, ta amsa waya ce da magana da ɗan'uwana." Ajiye rasidin saye tare da takardun babur ba ya cutarwa.

18. Kafin kuɗi su fita

Gani ya kori ji. A tafi shago da hular da za a maƙala wa na'urar, domin makirfo iri biyu ne: mai sanda na buɗaɗɗiyar hula, mai siririyar waya na rufaffiya. A sa mai shago ya haɗa guda biyu, ɗaya ya tsaya, ɗaya ya hau babur ya yi nisa, a ji muryar cikin iska. A gwada maɓallan da yatsa ba tare da kallo ba, manya masu tudu sun fi dacewa da hanya. A tambayi ko ana samun sifika da makirfo na canji, domin su ke fara lalacewa.

Idan kuɗin hannu abu ɗaya za su iya saye, to hular ce, ba tantama. Intakom ba ta taɓa hana kai fashewa ba. Amma tana da wata fa'ida da masu ƙera ta ba sa rubutawa a kwali: ba ta zama a kan zanna ko hular sanyi, sai a kan hular kwano. Matashin da wa'azin hukuma da tsoron tara suka kasa sa shi rufe kansa, son jin waƙa da hira da aboki na iya sa shi. In haka ta samu, uban da ya saya wa ɗansa babur ya ƙara da hula mai kyau, shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa na Kongolam da Mai'adua su nemo dillalin da zai kawo masu ita da yawa a farashi mai sauƙi, kowane mahayi kuma ya ɗaure maɗaurin kafin ya tayar da inji. Allah Ya tsare hanya, Ya mai da kowa gida lafiya.